Rabin littafin Bitrus

A wannan makon abokina Bitrus ya cika shekara bakwai da rasuwa. Ciwon hanta ne ya ɗauke shi, bai yi wata biyu a kwance ba. Duk shekara nakan ce zan rubuta wani abu a kansa, sai in ɗauki biro in ajiye. Bana dai na rasa hanyar zillewa.

Ɗaki ɗaya muka kama a Kabong muna ɗaliban jami'a, ni daga Azare, shi daga wani ƙauye a bayan Bokkos. Jos gari ne mai cin aljihun ɗalibi: ga haya, ga kuɗin mota, ga sanyin da ke sa mutum jin yunwa tun bai gama wanke kwano ba. Ni hannuna a sake yake, shi kuwa tattali a jininsa yake. Shi ya koya mini zuwa kasuwa dab da magariba, lokacin da masu tumatir suka ƙosa su tashi. Ya shafa wa jarka baƙin fenti, ya riƙa ɗora ta a kan rufi rana ta ɗumama ruwan, muka mai da wanka na la'asar don kada kananzir ya tafi a banza. In na tsokane shi da maƙo sai ya ce, "Oga Sani, ba rowa ba ne. Dankalin babana nake gani a cikin kowane naira."

Babbar dabararsa ita ce ta littafi. Kwas ɗaya muke yi, sai mu haɗa kuɗi mu sayi kwafi ɗaya, ya sa reza ya tsaga shi biyu ta gadon baya. Kowa ya riƙe rabi na mako biyu, sannan mu yi musanya. Haka muka yi shekara uku ba wanda ya taɓa faɗuwa.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga ɗaliban yau. Littafi ya koma cikin waya, ana tura wa aji guda a lokaci ɗaya, ba reza ba zare. Na san zai yi murna da wannan. Amma da ya ji kuɗin data da na gas da abin da ake biya wa ɗaki irin namu yanzu, zai riƙe haɓa, sannan ya fara neman inda za a rage. Ba zai zagi yaran da almubazzaranci ba, domin ya san yunwar ɗalibi.

A zangonmu na ƙarshe, saura kwana goma jarrabawa, na tashi da mura na ɗora ruwan wanka a kan risho. Bitrus ya shigo ya gani, ya yi mini faɗa a gaban wasu 'yan ajinmu da suka zo karatu, har ya kira ni ɗan gata. Suka yi dariya, abin ya ci mini rai. Ranar ce ranar musanyar littafin wani kwas na dole, ya riga ya ajiye mini rabinsa a kan tebur. Na haɗa da nawa na zuba a jaka, na tafi gidan kawuna a cikin gari. Littafin yana da wuyar samu, kowa ya ƙanƙame nasa, kuɗin ɗaukar hoton shafukansa kuma Bitrus ba shi da shi. Ya tako da ƙafa har gidan yana nemana, na ce a ce masa ba na nan. Ina jin muryarsa daga zaure yana yi wa matar kawuna godiya.

Yawancin tambayoyin daga rabin da bai karanta ba suka fito. Ni na wuce, shi ya faɗi. Sai da ya ƙara shekara guda cur a Jos saboda kwas ɗaya, da sabuwar haya, shi kaɗai a ɗakin. Duk abin da ya tattala a shekara uku ya tafi a wannan shekarar, har da noman babansa na damina ɗaya.

Mun shirya daga baya, shi ya fara nemana. Ya zo bikina, na je nasa. Ya samu aikin koyarwa, ya zauna a unguwar Daɗin Kowa, muna ziyartar juna har ƙarshen rayuwarsa. Bai taɓa ɗago maganar ba ko da wasa, ni kuma na laɓe a bayan shirunsa. Na yi ta cewa wata rana zan ba shi haƙuri, har aka kira ni aka ce ya cika. Wannan abin yana damuna fiye da yadda zan iya faɗa.

Watan jiya 'yarsa Rahila, wadda ta shiga jami'a bana, ta zo gaishe mu. Tana ba ni labarin yadda take lallaɓa kuɗinta, na ce ta gado. Ta yi dariya ta ce, "Kawu, ai Baba ya ce shi ma ya yi wasa a makaranta. Ya ce lalaci ya sa shi ƙara shekara, wai kar mu yi irin nasa."

Ashe abin da ya gaya wa 'ya'yansa ke nan, ya ɗora wa kansa don kada su raina mutumin da suke kira kawu. Na daɗe ina ɗauka tattali ne babban abin da Bitrus ya bar mini, ashe a wurin rufa asirin aboki ba ya ƙididdige komai.

Rahila, na san za ki karanta wannan. Babanki bai taɓa yin lalaci ba ko na kwana ɗaya. Ni na tafi da littafin, kuma ina cikin gidan ranar da ya zo.