Likita, Ban Taɓa Ce Maka Sannu da Aiki Ba

Daga Allah muke, kuma gare shi za mu koma. Da hantsin Talata, sha huɗu ga watan Mayu, ina kwance a ƙarƙashin wata mota ina kwance salansa, mai gyaran taya na bakin layinmu ya tsuguno ya ce, "Fito, Likita ya rasu." Ciwon ƙirji ne, kwana biyu kacal a asibiti. Na daɗe a kwance da sifana a hannuna, na kasa fitowa.

Mutane da yawa za su yabe ka, kuma gaskiya za su faɗa. Ni na zo ne da abin da su ba su sani ba: shekara goma sha ɗaya ina ƙyashinka.

A gareji ɗaya muka koyi aiki, ni ne gaba da kai da shekara biyar. Ni na nuna maka yadda ake riƙe sifana, shi ya sa har ka koma ga Allah Yaya kake ce mini. Da muka samu 'yanci daga maigidanmu muka buɗe garejinmu bango ɗaya tsakani. A lokacin nan ni ake nema. Mota na shigowa, in kasa kunne in ce ga ciwonta, kuma yawanci in dace.

Sai motoci suka canza. Aka fara kawo masu ƙwaƙwalwa, waɗanda wata 'yar fitila ke kunnuwa a gaban direba idan inji ya sami matsala. Kai ka tafi kwas na wata shida, ka dawo da na'ura kamar tafin hannu da igiyarta. Ka jona ta a ƙasan sitiyari, ta fito da lambobi, ka karanta ka ce ga inda laifin yake. Na yi maka dariya a gaban jama'a, na ce bakanike ya koma akawu. Ka ci gaba da aikinka. Kafin shekara ta zagayo an laƙaba maka Likita, motoci suna layi a ƙofarka har suna toshe tawa. Tsofaffin abokan cinikina su wuce ni, su ɗago hannu a kunyace, su shiga wurinka.

Ba zan manta da motar shugabar makarantar nan ba. Tana tafiya sai ta riƙa shaƙewa, fitilar ta kunnu. Mako uku tana hannuna. Na sauya filogi, na sauya famfon mai, na wanke duk abin da ke wankuwa. Matar ta fara ɗaga murya. Ran nan da rana, ba kowa a garejin, ka leƙo ka ce, "Yaya, ara mini motar nan minti goma, ina so in gwada na'urata." Ka jona, ka tayar da inji, ka zuba wa allon ido. Lambar ta nuna sensar iska, wato abin da ke auna iskar da inji ke shaƙa, amma ba ka ce a sayo sabuwa ba. Ka bi wayarta da yatsa har bayan inji, inda ɓera ya gwaguye ta. Ka ce, "Ita na'urar, unguwa kawai take nunawa, Yaya. Gidan sai mutum ya nema da kansa." Ka naɗe igiyarka ka fita.

Na ɗaure wayar, mota ta warke. Matar ta yi ta sa mini albarka, na karɓa ban faɗa mata kai ne ka gano ba. Kai ma ba ka taɓa faɗa wa kowa ba. Ya kamata in gode maka. Amma wallahi wannan alherin ya fi layin motocinka ƙona mini rai, domin ka fi ni aiki, kuma ga shi ka fi ni hali.

Sau uku ka ce in zo ka koya mini aiki da na'urar, kullum in ce ina da aiki. Duk motar da matsalarta ta giya ce ko ta ƙafa, sai ka turo mini, ka ce wa mai ita, "Yayana ya fi ni hannu a nan." Ni ban taɓa tura maka ko ɗaya ba. Har a wurin jana'izarka, da na ga direbobi da malaman asibiti da mutanen da ban taɓa gani ba sun cika titi, na kama zuciyata tana lissafin ko rabinsu za su zo tawa. Na ji kunyar kaina, na nemi gafarar Allah.

Jiya wani tsohon direba ya shigo wurina. Motarsa na garejinka, bonet a buɗe yadda ka bar ta. Ya ce, "Kai ne yayansa, ka ƙarasa mini." Na je na tsaya a kanta, na duba, na ce, "Baba, ban iya ba. Shi ne ya iya." Shekara talatin ina wannan sana'a, bakina bai taɓa furta haka ba, sai da ba ka nan da za ka ji.

Ya Allah, ka gafarta masa, ka yi masa rahama, ka haskaka kabarinsa, ka sa Aljanna ce makomarsa. Ka yafe mini abin da na riƙe a kansa ba da laifinsa ba. Ga mahaifiyarsa, da mai ɗakinsa, da 'ya'yansa huɗu, ina miƙa ta'aziyyata. Allah ya ba ku haƙurin rashinsa, ya raya abin da ya bari, mu kuma ya sa mu cika da imani. Amin.