Hannun Hagun Direba Nkala

Duk unguwar Luveve ba wanda bai san MaSiwela ba, mai ɗinkin kayan 'yan makaranta, wadda ke ja mana addu'a ranar Alhamis a zumuntar mata ta coci. Ni maƙwabciyarta ce, ɗan shinge ne kawai ya raba mu, kuma tun muna amare muke aron gishiri a hannun juna. Mace ce da ko tari za ta yi sai ta ba da haƙuri. Ni kuwa bakina ba shi da murfi, ita ce ke jan gefen zanena idan na fara.

Mijinta Nkala direban kombi ne, motocin hayan nan da ke jigila tsakanin unguwa da cikin Bulawayo. Ya tsufa a kan sitiyari bai taɓa ko kwarzane motar wani ba, kuma ba za ka sauka ba sai ya tabbatar ka ji wannan labarin. Abu ɗaya ne bai yarda da shi ba a duniya: mace a kujerar direba. In ya ga wata a hanya sai ya leƙo ta taga ya ce, "Uwata, wa ya ba ki aro? Maida masa kafin ya farka!"

Sai ga ciwon shanyewar ɓarin jiki. Hannun hagu ya mutu, ƙafar hagu ta bi shi. Mutumin da ke cika tasha da surutu ya koma zama a falo yana kallon bango, tuwon masara ma sai an lallaɓa shi. Ɗansu tilo, Zenzo, da ke aiki a Egoli, babban birnin nan na ƙetaren iyaka, ya aiko masa da wata tsohuwar na'urar wasa da ake jonawa da talabijin. Wasan motoci ne masu bindiga a ka, ana sake su a wani kango su yi ta karo da harbin juna, wadda ta rage ita ta ci. Matsalar ita ce mariƙin wasan da hannu biyu ake kama shi: babban yatsan hagu ke tuƙi, na dama ke harbi.

Abin da ya biyo baya sai daga baya na ji shi, daga bakinta. Wai ranar farko ya yi ta fama da hannu ɗaya har ya yi jifa da abin. Ta ɗauko ta goge, ta zauna a hagunsa, ta kama ɓangaren da hannunsa ba ya kaiwa.

"Me kike yi?" in ji shi.

"Riƙe maka zan yi, Baban Zenzo."

"To riƙe. Kada ki taɓa komai."

Ta taɓa. Mota ta ruga ta daki bango. Ya yi dariyar da rabonsa da ita tun kafin asibiti, har da hawaye. Daga nan duk ranar da aka kawo wuta da rana sai ta ture keken ɗinki, ta ja labule, ita tana tuƙi shi yana harbi, yana zuba mata masifa kamar yadda yake yi wa kwandasta. "Dama! Na ce dama, mace! Wa ya koya miki?" Ita kuma ta ce, "Kai dai harba, direba ya san aikinsa." Amma ya sa ta yi masa alkawari. Kada 'yan tasha su ji cewa Nkala ya koma wasan yara, kuma kada su ji cewa mace ke tuƙa shi.

Da ya rasu ta zauna a katifa kamar yadda ake yi, lulluɓe da bargo, muryarta ba ta wuce gwiwarta. Bayan binnewa yayarsa MaNkala, babbar mace a danginsu, ta sa mata baƙaƙen kayan takaba da hannunta. Ita ce kuma za ta cire mata su idan shekara ta zagayo, a gaban dangi, in ta tabbata ba a ɓata su ba. Wadda aka ƙi cire wa ta shiga uku, don har jikokinta sai an nuna su da baki.

Watanni suka ja. Sai aka fara jin abu daga gidan mai takaba. Da rana tsaka labule a ja, ƙofa a rufe, ga muryar namiji mai kauri tana hargagi da Turanci, ga dariyar MaSiwela. Ni da kunnena na ji ta ta shinge tana cewa, "Ka gani? Ka ga yadda na yi? Matso mana, kai ma!" Sai da na ajiye tsintsiya. Kafin a ce me, magana ta kai famfo, ta kai kasuwa, ta kai coci. Ranar Alhamis aka ba wata ta ja addu'a, ba tare da an ce mata komai ba.

Ban iya gulma a bayan ido ba, sai na tsallaka na same ta tana sa maɓalli a rigar makaranta.

"Ke, ƙawata, wa kike ɓoyewa a gidan nan?"

Allura ta soke ta. Ta sa yatsa a baki.

"Ba kowa."

"Haba! Ni za ki yi wa haka? Da wa kike dariya?"

Ta sunkuyar da kai har haɓarta ta taɓa ƙirji. Kunya ce ƙarara a fuskarta, irin ta wanda aka kama. Na yi masifa, na yi lallashi, na ce ko aljani ne ta faɗa min mu san abin yi. Ta ci gaba da sa maɓallinta. Na fito raina a ɓace, har na bar takalmina ɗaya a ƙofarta.

Ana dab da cire kayan takaba sai ga MaNkala ta sauka daga motar garinsu Nkayi da jakarta da sandarta. Ba ta shiga gidan ƙaninta ba, gidana ta shigo. Ta sha shayi kofi biyu ba ta ce min komai ba sai, "'Yata, in an kawo wuta ki gaya min." Da ƙwan falo ya kama ta miƙe ta ce in biyo ta, tana son shaida. Muka zagaya ta ƙofar kicin.

Ga MaSiwela cikin baƙaƙen kayanta a gefen hagu na doguwar kujera, ta bar wurin mutum ɗaya a damanta, an ɗora hular Nkala a kai. Ta riƙe mariƙin da hannun hagu kaɗai, ɗaya ɓangaren yana kan matashi. A talabijin wata jar mota duk lotse tana zillewa tsakanin manyan motoci, suna ta ɓarin wuta a kanta, ita ba ta rama ko sau ɗaya. Muryar namijin nan daga cikin wasan take fitowa. MaSiwela ta karkata jiki, ta ciji leɓe, motar ta kurɗa ta ƙarƙashin gada, biyu da ke bin ta suka yi karo suka kama da wuta. Ta ƙyalƙyale da dariya ta juya wajen hular. "Ka gani, Baban Zenzo?"

Sai ta gan mu.

Ban taɓa ganin mutum ya ƙanƙance haka ba. Ta zame daga kujera ta durƙusa, ta ja gyalen takaba ta rufe fuska, abin wasan ya faɗi ƙasa. Motar ta tsaya cak, sauran motocin suka taru suka farfasa ta a gabanmu, ba wanda ya iya kashe talabijin ɗin.

"Yaya, ki yi min rai," take cewa ta cikin gyale. "Ki yi min rai."

MaNkala ta daɗe tana kallon hular. Sannan ta ce MaSiwela ta faɗa mata komai, ita kuwa ta faɗa, tana shessheƙa. Tsohuwar ta tambaye ta me ya sa ba ta harbi.

"Ɓangarensa ne."

MaNkala ta share hanci da bakin zane. Amma mace ce da ba ta barin magana a rataye. Ta ce zargin a bainar jama'a aka yi shi, a bainar jama'a za a wanke shi, in ba haka ba ko ta cire kayan ba wanda zai yarda. MaSiwela ta kama ƙafarta tana roƙo, ta ce ta yi wa mijinta alkawari, gara a ci gaba da zaginta. Tsohuwar ta ce, "Shi ya tafi. Zenzo ne zai ɗauki sunan uwarsa ya yi yawo da shi."

Washegari aka kira manyan matan zumunta suka cika falon. Aka sa MaSiwela ta zauna ta kunna. Motar ta yi ta dukan bango kamar ranar farko. Wata ta toshe baki, wata ta kasa, dariya ta ɓarke har da masu riƙe ciki. "Tabɗi! Ashe wannan ne kwarton!" in ji wata. Na ce musu duk wadda ta ƙara buɗe baki sai na faɗi nata, suka yi tsit, amma an riga an gama. Kafin yamma labari ya isa tasha. Wani tsohon abokin aikin Nkala ya wuce ta ƙofar gidan a kombi ya danna hon ya ɗaga murya, "Direba, a gaishe ki! Ashe ke ce kike jan maigida!" Tana ciki, ta ji.

An cire mata kayan a ranar da aka sa, da mutuncinta, MaNkala ta yafa mata sabon bargo a gaban kowa. Daga nan aka shimfiɗa tabarma aka baje kayan mamaci don a raba wa dangi, kamar yadda aka saba: kwat ɗinsa, takalmansa, hular nan. A can gefe ga mariƙin wasan. MaSiwela ce ta ajiye shi a wurin da kanta.

MaNkala ta ɗauka ta jujjuya shi. Ɓangaren dama ya koɗe da yatsan ƙaninta, na hagu ma ya koɗe. Ta ce, "Wannan rabinsa kawai ne na ɗan'uwana. Ba na raba kayan mai rai." Ta miƙa wa MaSiwela.

A bayan maza wani ya yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa. Na zungure ta da gwiwar hannu, na raɗa mata, "Karɓi, don Allah karɓi." Hannunta ya ɗago daga cinya, na gan shi, ya koma.

"Ba nawa ba ne, Yaya," ta ce, idonta a ƙasa. "Ni me zan yi da kayan yara?"

Zenzo ya sa shi a jakarsa ya koma da shi Egoli.

An mayar mata da jan addu'ar Alhamis. Tana nan tana ɗinkinta, labulenta a buɗe ko da wuta ko babu, kuma ban ƙara jin dariyarta ta shinge ba. A coci kusa da ita nake zama, a damanta. Idan huɗuba ta yi tsawo sai in ga babban yatsanta na hagu yana motsi a kan cinyarta, gaba, gefe, gaba. Da ta lura ina kallo sai ta ɗora ɗaya hannun ta rufe shi.