Agogon Kawu a Ƙofar Gareji

Jiya na tarar Hajiya ta tokare ƙofar gareji da agogon marigayi Kawu, mijinta. Na yi dariya har da hawaye. Da hannunsa ya haɗa shi, gida duk ƙaurin dalma, eriya ta leƙa taga tana kamo lokaci daga wata tashar rediyo a jihar Colorado. Kullum maganarsa ɗaya: "Rana tana kuskure, agogona ba ya yi."

Wani azumi a Upper Marlboro, garin da muke zaune a ƙasar waje, siginal ya ɗauke, agogon ya ja baya. Magariba ta wuce, ƙosai ya huce, Kawu ya rungume kwanon dabino kamar jariri, wai agogonsa bai ce a sha ruwa ba. Hajiya kuwa ga ciwon suga.

Na ce, "Kawu, taurari fa sun fito! Mutanen Kano ma sun kusa sahur!"

Ya ce, "Kai da ita, cikinku ne agogonku. In ta faɗi, ta faɗi da ladanta."

Ta kuwa faɗi. Ina kinkimarta zuwa mota, shi yana can yana gyara eriya.

Allah Ya jiƙanka, Kawu. Ya yi maka hisabi da rahamarSa, kada Ya auna ka da agogonka.