Ayashe, Jikar Ajuji

Idan aka gama girbi a ƙauyenmu na kusa da Kafin Hausa, Iya, mahaifiyar babanmu, takan hura wutar kara a ƙofar ɗakinta bayan isha'i, ta zube mana gyaɗa mu ɓare. Kowane jika da mazauninsa. Nawa yana baya, wajen turken awaki, inda ɗumi ba ya kaiwa. Sunana na yanka Hauwa'u, amma ban taɓa jin sa a bakinta ba. Ayashe take ce min, domin yara uku mahaifiyata ta binne kafin ni.

Labarin da ta fi maimaitawa shi ne dalilin da ya sa ake ce mana gidan Ajuji. Ta ce wata kakarmu ce 'ya'yanta ba sa zama. Ungozoma ta gaya mata mutuwa muryar rarrashi take bi, don haka in ta sake haihuwa ta kai jaririn juji ta ajiye, kada ta waiga. Ta kai. Da ya tsala kuka sai ta koma da gudu ta rungume shi. Bai kai yaye ba.

Da na gaba ya zo, ta ajiye shi cikin toka da ɓawon gyaɗa, ta koma ta ci gaba da daka. Yana kuka, kaji suna tsattsagar kunnensa, ba ta ɗaga kai ba har wata tsohuwa ta tsinto shi. Shi ne ya rayu, da ɓararren kunne, ya kafa gidanmu.

A nan Iya takan nuna ni da karan da take iza wuta. "Kun ga waccan? Shara ce. Kada wanda ya ce min tana da kyau." Yara su yi dariya, washegari su riƙa watso min ɓawo. Ni kuwa in zauna ina ƙirga laifina, ko na yi tari da ƙarfi, ko na matso kusa da yawa har mutuwa ta gan ni.

Ranar da Iya take jinyar ajali na kai mata kunu, ina amarya lokacin. Na durƙusa ina jira ko sau ɗaya ta ce Hauwa'u. Ta juya fuska bango, ta ce a fitar da sharar nan. Gwaggona ta ce ai so ne, har ƙarshe tana ɓoye ni. Wataƙila. Na yi shekaru ina juya maganar, ban samu inda zan ajiye ta ba.

Yanzu a Takur nake aure. Ɗana na fari ya koma, sai Maryam ta zauna. Malaminmu ya ce wannan duk canfi ne, rai da ajali na Allah ne, kuma na yarda, ina istigfari a kai kullum. Amma ranar walimar saukar su Maryam, ta saka sabon hijabi ta tsaya gabana tana murmushi.

"Umma, na yi kyau?"

Na ji bakina ya ce, "Matsa can, kin tare min haske."

Ba ta yi musu ba. Ta je bakin ƙofa ta zauna, ta naɗe ƙafafu yadda nake naɗewa a wajen turke.