Ranar da Aka Sa Na Mari Yayana

Shekarar da gwamnati ta ce kowane yaro ya shiga boko kyauta, aka tattaro mu daga unguwarmu a Wudil aka zuba a wani aji da ko ƙyaure ba a sa masa ba. Lokacin kuɗin man fetur ne, ko'ina ka duba gini ake yi, amma mu a kan buhu muke zama. Ina ɗan shekara bakwai. Yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, shekararsa goma sha biyu, shi ma aka haɗa shi da mu, don makarantar sabuwa ce, ba ta da aji sai na ɗaya.

Yaya bai so zuwa ba. Ya riga ya iya huɗa, yana kai shanun noman Baba kogi shi kaɗai. Baba ne ya ce ya je, ko don ya riƙa kula da ni a hanya.

Malaminmu saurayi ne da aka yi wa kwas na 'yan watanni. Yana sa wando mai faɗin ƙafa, kuma ba ya gajiya da duba agogonsa. Zai rubuta haruffa a allo, ya nuna da tsumagiya, mu kuma mu ɗauka da ƙarfi: "E, bi, si, di." Yaya ne ya fara iya rubuta su. Da la'asar, in shanu suna shan ruwa, sai ya kama hannuna mu zana a rairayi. Shi ya raba mini b da d. Ya ce b cikinta a gaba yake, d kuwa mai goyo ce.

Da muka zo kan P abu ya lalace. Bakinmu bai saba da ita ba, kowa "fi" yake cewa. Malam yana so a haɗe leɓe a sake shi da ƙarfi. Ni dai ban san yadda aka yi ba, ta zauna mini a kwana biyu. Yaya ya yi ta fama, har a gona nakan ji shi yana gwadawa, ta ƙi.

Malam yana da wata doka: wanda ya ci tambaya shi zai hukunta wanda ya faɗi. Wata Alhamis, ana ta jin motocin shanu suna shigowa don kasuwar gobe, ya buga tsumagiya a kan harafin ya nuna Yaya.

"Kai zabgege, tashi. Mene ne wannan?"

"Fi," in ji Yaya.

Aji ya kwashe da dariya.

"Wa zai gaya masa?"

Na ɗaga hannu. Ba wanda ya sa ni. Yabo nake so, kuma dokar ba ta zo mini a rai ba sai da na buɗe baki na faɗa daidai.

"Madalla. Zo ka mare shi."

"Malam, yayana ne."

"A nan babu wa babu ƙane. Ko ka mare shi, ko kai ka sha bulala."

Na tsaya a gabansa. Yaya ya ce a hankali, "Yi kawai." Hannuna ba ya kaiwa fuskarsa, sai da ya sunkuyo mini. Na ɗan taɓa kumatunsa. Malam ya ce wannan shafa ce, in sake. Na biyun har na bayan aji sun ji ƙararsa.

Da aka tashi Yaya ya wuce gaba, ina binsa a baya ina kuka. Bai gaya wa kowa a gida ba. Ranar da za mu koma makaranta, ya ɗauki fartanya. Baba ya tambaye shi, ya ce, "Ai ya san hanya yanzu, ba sai na raka shi ba." Baba bai matsa ba, dama gona tana bukatarsa. Ina tsaye da jakata, na san dalili, amma na juya na tafi makaranta ni kaɗai.

Malam bai ƙarasa shekarar da mu ba. Ya samu aiki a wani kamfanin gini ya tafi, ko sallama bai yi mana ba. Kafin ya tafi, da kunnena na sha jinsa yana karanta mana Turanci, in ya sha'afa, shi ma "fi" ɗin yake yi.

Yaya ya shiga leburanci a aikin titi, daga baya ya zama direban babbar mota. Ni na ci gaba har na zama ma'aikacin gwamnati. Bai taɓa goranta mini ba. Duk wata takarda da ta zo masa, sai dai ya kai wa wani ya karanta masa, ko da ina gidan.

Sai da muka yi furfura na iya tayar da maganar. Na same shi a tasha yana jiran lodi, na ce, "Yaya, ka tuna malamin nan namu na aji ɗaya? Ina so ka yafe mini."

Ya daɗe yana kallon titi.

"Wane malami? Ni ban yi boko ba," ya ce. Ya tashi ya tafi duba tayoyinsa.