Shafin Da Goggo Dije Ta Ce In Je In Koyar

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Goggo Dije ta rasu.

Da safen nan 'yarta Maryam ta kira ni, ina ɗaura ɗankwali zan fita ofis. Ta ce, "Anti Zuwaira, Allah Ya yi wa Goggo rasuwa bayan sallar asuba." Na zauna a bakin gado da ɗankwalin a hannu, ban san tsawon lokacin da na yi a haka ba.

An kai ta makwancinta kafin azahar. Na dawo daga gidan rasuwar, ga ni a tsakar gida ina kallon hadari yana haɗuwa ta bayan duwatsu. Komai sai nake jinsa daga nesa, har kiran sallar masallacin ƙofar gidanmu.

Ta aike ni wani wuri. Na je, na dawo, ban kai mata amsa ba. Abin da ya tsaya min a rai ke nan, shi ya sa nake wannan rubutu.

Ga waɗanda ba su san ta ba, sunanta Malama Khadija, amma a takarda kawai na taɓa ganin sunan. Kowa Goggo yake ce mata, har hedimastoci masu furfura. Ta daɗe tana koyar da 'yan firamare, daga baya ta koma koyar da mu masu koyon aikin malanta. Bafulatana ce, a ruga aka haife ta, a Ƙofar Wambai ta tsufa. Doguwa, siririya, ba ta ɗaga murya. In ta yi maka shiru kuwa, ka gwammace faɗa.

Na fara saninta lokacin da aka tura ni koyarwar gwaji a wata makaranta a Gwallaga, ajin da tagarsa ke kallon rumfar maƙeran kwano. Ita ce za ta duba ni. Na goge mata kujera na ajiye a gaba. Ta wuce kujerar kamar ba ta gan ta ba, ta je bencin ƙarshe ta matsa tsakanin yara, gwiwoyinta sun kusa taɓa haɓarta.

Na cika allo da rubutu ranar, ina ji da kaina. Da aka tashi ta yafito ni, ta ce in zauna inda ta zauna. Na zauna. Rana ta shigo ta taga ta haske allon, ko harafi ɗaya ba a gani.

Ta ce, "Rubutunki yana da kyau, 'yar birni. Saura a gan shi."

Iyakar gyaran da ta yi min ke nan ranar.

'Yar birni take ce min, don ban iya bambanta gero da dawa ba sai sun fitar da kai. Ni kuma in ce mata ai ko yanzu aka sake ta a tsakiyar kasuwa sai ta ɓata. Sai ta yi dariyar nan tata marar sauti, kafaɗunta kawai ke motsi.

Watan da na fara aiki a makarantar nan muryata ta dishe, ta kawo min zuma da citta a 'yar kwalba, ta ce in daina faɗa da maƙera, ba zan ci su ba. Da mahaifiyata ta kwanta asibiti, sati guda tana shiga ajina, kuma ba daga bakinta na ji ba.

Tana da wata makaranta a cikin kanta. Duk wanda ya zauna da ita ya san ta. Ana cikin hira sai ta juya ta kalli taga, muryarta ta yi ƙasa, ta ce, "Ni fa ina ganin wata makaranta." A can, ranar da ruwan farko ya sauka ake darasin shuka, ba watan da ofis ya rubuta ba. Tela ne ke shigowa da almakashinsa ya nuna wa yara rabi da kwata. Akwai inuwa, akwai randa a bakin kowane aji, kuma malami ba ya tambayar da shi kaɗai ya san amfaninta. Mu kan taɓa juna mu ce Goggo ta tafi makarantarta.

Yau ina ta tunanin makarantar nan. Har ƙamshin ƙasar farfajiyarta nake ji.

To, shekaru suka ja. Na bar aji na koma ofis, aka sa ni cikin kwamitin gyaran littafin jagoran malamai na ƙananan azuzuwa. Aka ba ni ɓangaren lissafi. Na yi murna, kuma in faɗi gaskiya kaina ya ɗan kumbura.

Na rubuta babi guda da na fi so. Na ce a daina koya wa yaro ƙirga da hoton abin da bai taɓa gani ba, a fara da abin da ke gidansu. Ai koyarwar Goggo ce. A ɗaya daga cikin shafukan na rubuta cewa malami ya tayar da yara ɗaya bayan ɗaya, kowa ya faɗa wa aji yawan dabbobin gidansu. Wanda ya faɗa a ba shi maki. Wanda ya kasa a rubuta bai iya ƙirga ba tukuna.

Farkon daminar nan na kai mata babin har gida. Ba gyara na je nema ba, yabo na je karɓa.

Na same ta a kan tabarma a ƙofar ɗaki, ta rame, amma idon nan yana nan. Ta sa tabarau tana bi da yatsa a hankali, tana gyaɗa kai. Da ta zo shafin dabbobi sai yatsan ya tsaya.

Ta ce, "Kin koyar da wannan?"

Na ce, "Goggo, ai mun duba shi a kwamiti, kowa ya yaba."

Ta ce, "Ban ce kun duba ba. Kin tsaya gaban yara da shi?"

Na ce a'a.

Ta ce, "Je ki Zungur, ajin Malam Sale. Ki koyar da shafin nan da bakinki, ki dawo ki ba ni labari."

Na ce ta faɗa min abin da ta gani mana, in gyara a wuce wurin. Ta cire tabarau ta ce in ta faɗa min, shafi ɗaya zan gyara. In na je da ƙafata, duk abin da zan rubuta nan gaba ne zai gyaru.

Raina ya ɓaci. Ina da saurin fushi, waɗanda suka san ni sun sani. Na ce, "Goggo, ni fa yanzu ba 'yar koyo ba ce. Aiki ya yi mana yawa, ba kowane shafi za a kai ƙauye ba." Na tattara takarduna.

Duk da haka ta tashi da ƙyar ta rako ni har zaure. Ta ce, "Ki gaida yara, 'yar birni. Ina jiranki."

Ganina da ita na ƙarshe ke nan.

Na yi wata biyu ban je Zungur ba, ban kuma koma Ƙofar Wambai ba. In Maryam ta turo gaisuwar Goggo sai in mayar da layi ɗaya. Babin ya wuce a kwamiti yadda yake, aka ce ƙarshen makon nan za a kai littafin maɗaba'a.

Ranar Talatar da ta wuce wani aikin daban ya kai mu wajen Zungur. Takardun suna jakata. Na ce bari in shiga ajin nan in gama da maganar, in samu abin da zan je in faɗa mata ina murmushi.

Malam Sale, dattijo ne mai haƙuri, ya ba ni allo ya koma gefe. Na fara. 'Ya'yan manoma suna ta ɗaga hannu. Akuya biyu. Kaji bakwai da zakara. Wani ya ce jakinsu ɗaya ne amma yana cin na uku, aji ya fashe da dariya. Na ce a raina, to Goggo, ina matsalar?

Sai na zo kan yaran da ke zuwa daga ruga.

Na farko ya sunkuyar da kai. Na biyu ma haka. Na zo kan wata yarinya, Shatu, wadda tun a ƙofa Malam Sale ya ce min babu mai kama ta a lissafi. Na ce, "Shatu, shanunku nawa?" Ta miƙe tsaye, ta kalli ƙasa. Na sake tambaya da ɗan ƙarfi. Wani daga baya ya ce, "Ba ta sani ba!" Aka yi dariya. Hawaye ya zubo mata, amma bakin nan bai buɗe ba.

Malam Sale ya ce, "Hajiya, ɗan zo mana."

A waje ya ce min, "Hajiya, ai su ba sa faɗin yawan shanu. Tun suna ƙanana ake hana su. A wurinsu faɗin adadi a bainar jama'a jawo ido ne, yana kore albarka. Yarinyar nan in ta faɗa, ta tona asirin gidansu. In ta yi shiru, littafinku ya ce ba ta iya ba. Wanne za ta ɗauka?"

Na tsaya a barandar nan ina jin kaina ƙarama. Ni da aka haifa a Gwallaga, ban taɓa mallakar ko tunkiya ba, na zauna ƙarƙashin fanka na rubuta abin da zai sa a yi wa yaran ruga sifili a duk ajin da littafin ya shiga. Kuma duk cikin kwamitinmu babu wanda ya gani, don dukkanmu 'yan birni ne.

Na koma ciki. Na durƙusa kusa da bencinta na ce ta yi haƙuri, tambayata ce ba ta da kyau. Na ce, "In shanu sun dawo da yamma, yaya kike gane ɗaya ba ta dawo ba?"

Ta ɗago a hankali. Ta ce ai kowace uwa da 'ya'yanta take tafiya. Akwai gidan Raneye, farar. Akwai gidan Woɗeye, jar. In ta duba gidan Raneye ta ga gurbi, ta san wadda babu, har ta san inda take son tsayawa a bakin rafi. Tana magana tana jera tsakuwoyi a kan benci, kashi kashi, ta zare ɗaya ta nuna gurbin.

Rarrabawa da ɗebewa ke nan, abin da na tanadar wa zango na gaba. Yarinya ta koyar da shi a gabana, ba ta faɗi adadin saniya ko ɗaya ba. Har masu dariyar suka taso suna leƙe.

A hanyar dawowa ina mota ina kallon waje. Gonaki sun yi kore shar, gajimare ya sauko ya zauna a kan duwatsu, ga garke can nesa yana tafiya a hankali. Na dinga jera yadda zan faɗa wa Goggo. Zan shiga in yi sallama, in zauna a gefen tabarma, ba zan ce komai ba sai ta tambaya. Har ina ganin kafaɗun nan suna motsi.

Da na sa direba ya ajiye ni a Ƙofar Wambai a ranar, da na same ta.

Amma na ce a'a, bari in sake rubuta shafin tukuna, in je da abu a hannu. Ba na so in je a matsayin wadda ta yi kuskure, na fi so in je a matsayin wadda ta gyara. Na sa ranar Asabar.

Yau Alhamis.

Ɗazu a gidan, Maryam ta ja ni gefe cikin mata. Ta ce ko shekaranjiya da yamma Goggo ta tambaya, wai Zuwaira ta je kuwa? Maryam ta ce mata ba ta sani ba. Goggo ta ce, "Za ta je. Taurin kai ne da ita, amma tana son yara."

Shekaranjiya da yamma ina cikin mota, tsakanin Zungur da gari.

A nan kukan ya zo min.

Kafin in fara rubutun nan na kira shugaban kwamitinmu. Na ce a dakatar da babina, akwai shafin da ba zai shiga maɗaba'a ba. Ya ce lokaci ya ƙure, a bari sai bugu na gaba. Na ce ranka ya daɗe, bugu na gaba yaran nan sun riga sun sha sifilinsu, wasu ma sun daina zuwa. Na ce ko a cire shafin ko a cire ni. Sai ya ce in kawo sabon ranar Litinin. Zan kawo, amma sai na fara tsayawa da shi gaban ajin Malam Sale.

Malamai 'yan uwana, da masu rubuta abin da malamai za su koyar, ba wa'azi zan yi muku ba, ni ce ta farkon mai laifi. Abin da ya same ni kawai na faɗa.

Ya Allah Ka jiƙan baiwarKa Khadija. Ka gafarta mata, Ka yalwata kabarinta, Ka haskaka shi. Duk yaron da ya fahimci wani abu ta dalilinta, Ka sa a mizaninta. Ka ba Maryam da 'yan uwanta haƙuri, Ka sada mu da ita a Aljanna Firdausi.

Don Allah duk wanda ya karanta, ko bai san ta ba, ya tsaya ya yi mata addu'a. In kun gama ku sa ni a ciki, Allah Ya yafe min jinkirina. Ta tafi tana jiran amsa, alhali amsar tana bakina kwana biyu.