Ranar da Na Kankare Kotso

Shekarar da muka koma unguwar Zariya, maigidana yana kaɗa kotso a wata babbar ƙungiyar makaɗa ta nan Maradi. Sun kai ashirin: masu algaita, masu gurmi, 'yan kalangu, har da mai jita. Shi kullum layin baya yake zama. Sai shugabansu, wani dattijo ɗan Tsibiri, ya ce a wasan ranar Asabar akwai wurin da kowa zai yi shiru a bar kotso shi kaɗai. Mako guda maigida yana kaɗa cinyarsa, har wurin cin tuwo.

Ni kuwa hankalina yana kan ɗiyarmu mai wata tara, wadda ba abin da ba ta kaiwa baki. Ranar Juma'a yana masallaci, na tarar ta rarrafa wurin kotson tana ƙwaƙular wani baƙin abu da ke manne a tsakiyar fatar. Na sa yatsa na share mata baki. Na ɗauka dauɗar hannu ce ta taru. Na ɗauko cokali na kankare abin tas, na bi da tsumma, har ina yaba aikina.

Da ya dawo ya taɓa fatar, sai ta yi wani fayau kamar an bugi faranti. Bai yi faɗa ba. Ya zauna bakin gado, ya ce danƙo ne, da gangan ake liƙa shi, shi ke ba kotso murya, kuma dattijon ne kaɗai ya iya haɗa shi. In ya je da kotson haka, wani za a ba wurin.

Na goya yarinya, na naɗe kotson a zane, muka hau kabu-kabu sai Tsibiri. Na ce ni na ɓata, ni zan faɗa da bakina. Dattijon ya saurare ni har ƙarshe, ya tambaya ko yarinyar ta haɗiye. Na ce kaɗan.

"Kwantar da hankalinki, ɗiyata, danƙo ne da mai. Nawa ma duk sun lasa." Ya juya wurin maigida. "Kai kuma da ka auri mai tsabta, sai ka koyi rataye kayanka."

Ya narka sabo, yana liƙawa kaɗan-kaɗan, ya buga, ya kara kunne, ya rage, ya ƙara. Har la'asar ta yi.

Ranar wasan ina can gefen mata. Dattijon ya ɗaga hannu, algaitu suka ɗauke, kalangai suka tsaya. Maigida ya sunkuya kan kotson. Bugun farko ya fito da kauri, har cikin ƙirjina na ji shi. Tun a gida ya ce mini wurin nasa gajere ne. Ina ta kallon hannun dattijon, ina jiran ya sauke. Ya daɗe bai sauke ba.